Gidanmu Ba a Cin Anza

Na riga na ba ku labarin aurena da zuwana Tawa, da yadda na shekara ina tsoron tsallaka titi. Yanzu na iso wurin da na daɗe ina kewayewa. Na san abin da ake gaya muku duk lokacin da kuka je ƙauye, wai uwarku ce ta kwance wa ubanta zani a kasuwa. Kuna dawowa sai ku yi ta kallona ta wutsiyar ido, amma ba wanda ya taɓa yin ƙarfin halin tambayata. To, ku da kunyarku, ni da bakina. Ba afuwa nake nema ba, kuma ba zan wanke kaina da ruwan ƙarya ba. Zan faɗa muku yadda abin ya faru, in kun gama ji ku yanke hukuncin da kuka ga dama.

Ku shinkafa da makaroni suka rene ku, don haka sai na fara gaya muku mece ce anza. Itace ne gajere, bai cika wuce tsayin mutum ba, yana fitowa a kan fako inda ko ciyawa ba ta yarda ta tsiro. Rani duk tsananinsa ba ya sa shi zubar da ganye. 'Ya'yansa suna nuna a ƙarshen bazara, daidai lokacin da rumbu ya koma fayau. Ɗaci gare su wanda ba ya misaltuwa, in aka ci su haka nan ma suna iya kwantar da mutum. Sai an shanya, an surfe, an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani, kafin a dafa kamar wake. Bayan zangonmu, arewa da Barmou, akwai tudu guda da ba komai a kansa sai ita. Tun lokacin babban farin da ya kashe raƙuman kakanku ya zaunar da mu wuri ɗaya, wannan tudun ne yake tsallakar da mu daga ƙarewar tsohon gero zuwa fitowar sabo. Da ita aka yaye ni. Amma a duk ƙuruciyata ban taɓa jin an ambaci sunanta da ƙarfi ba. Mace in za ta tsinko sai ta ce za ta itace, ta rufe ƙwaryar da kirare ta dawo. Kowane gida yana jiƙa ta a bayan bukka, kowane gida ya san maƙwabcinsa yana yi, kuma ba mai kallon wajen.

Dalilin shi ne abin da mu Buzaye muke kira ashak. Hausa ba ta da kalma ɗaya da za ta ɗauke shi, kunya ce da mutunci da kamun kai a ƙulle wuri guda. Mai ashak ba ya cewa yana jin yunwa, ba ya roƙo, ba ya barin baƙo ya gane gidansa ya rasa. Ubana, wanda muke kira Abba, shi ne babban zangon, kuma in ana maganar ashak a ƙasar nan da shi ake misali. Dogo ne, maganarsa kaɗan. Amawalin rawaninsa ba ya sauka daga kan bakinsa a gaban kowa, sai in daga shi sai mu 'ya'yansa. Babanku kuwa Bahaushe ne na garin da ke kusa da mu. Duk zuwan da ya yi gidanmu tun yana neman aurena, fura da nono ake tarbarsa da su, ko da geron shi ne na ƙarshe a zangon. Ni ma da nake ta cika baki yanzu, na haifi uku a cikinku ban taɓa gaya masa abin da muke ci da bazara ba.

A shekarar da nake ba ku labari babanku yana tuƙa motar wani furoje, wato aikin Turawa na gyaran daji, tare da ma'aikatan gandun daji na Tawa. Wata ranar kasuwa ya shigo gida da hantsi, bakinsa har kunne, ina tsugune ina wanke-wanke.

"Albishirinki! Aiki ya kai garinku. An tara mutane, an tambaye su, sun yarda. Tudun nan na bayan zango za a gyara musu, a yi ramun rabin wata masu tare ruwa, a shibka iccen ƙaro."

Na ce, "To, anzar da ke bisa hwa?"

"Katahila za ta tuge ta. Ai sai da anka tambaya ko tana da wani amhwani. Abba da bakinai yac ce ko akuya ba ta ci."

Kwanon da ke hannuna ya suɓuce. Na tambaye shi wa da wa ke wurin, ya shiga lissafa mini da murnarsa: mutanen magajin gari, Turawan da suka kawo aikin, dattawan garinsu, har da ƙanen mahaifinsa, Baba Mamman, a sahun gaba. Nan na gane komai. An tambayi Abba ko yana cin abincin yunwa, a gaban baƙi, kuma a gaban surukinsa. A wurinmu mutum ko ruwa ba ya sha a gaban suruki. Da wuƙa aka ɗora masa a wuya, amsar da zai bayar ke nan. Na dubi babanku na faɗi maganar da ban taɓa zaton za ta fita daga bakina ba.

"Malam, anzar nan ita ta abincinmu. Da ita anka rene ni."

Ya yi dariya tukuna, yana tsammanin tsokana ce irin tawa. Da ya ga fuskata sai ya nemi wuri ya zauna a kan turmi. Can ya ce, "Hurar da nika sha in na je hwa?" Na ce masa ta yara ce ake ɗauka a ba shi. Ban taɓa ganin namiji ya rasa inda zai sa idonsa kamar ranar ba.

Washegari na tasa shi gaba muka je ofishinsu, yana tafe yana roƙona in bi a hankali kada in tsinke masa igiyar abinci. Shugaban aikin wani ne da ake kira Mushe Salifu, wato Malam Salifu a bakin Faransanci, mutumin kudu, siriri mai tabarau. Zan faɗi gaskiya a kansa don kada ku ɗauka azzalumi ne. Mutumin kirki ne, kuma ya san aikinsa. Da na gama bayani sai ya cire tabarau ya dafe kai da hannu biyu.

"Madam, wallahi na tambaya. Na sake tambaya. A garinmu ma ana cin ta in an matsu, shi ya sa ban yarda da amsar farko ba. Na ce a kira mata, aka kira, na tambaye su. Ba wadda ta ce uffan."

Na ce, "Mushe, kai da ka san ana ci, in anka tambayi ubanka gaban taro, mi za shi ce?"

Ya mayar da tabaraunsa. Daga baya ya nuna mini iyakar ikonsa. An yanke magana a bainar jama'a, manya sun shaida, ba zai iya warware ta ba don wata mace da ke aure a birni ta zo ofis ta faɗi wani abu dabam. Katafila ta riga ta fara aiki a rabin tudun. Amma akwai taron da za a yi kafin a shiga ɗaya rabin. In mutanen zangon suka faɗa da bakinsu a wurin, ya sami abin riƙewa, zai tsayar. In ba su faɗa ba, hannunsa a ɗaure yake.

Na goya ƙaramarku na shiga motar kasuwa. Daga inda aka sauke mu na taka da ƙafa, kuma tun daga nesa na ga tudun ya canza kama. Gefen gabas ya zama jan fili, an kakkarce shi layi-layi. Itatuwan da na sani ɗaya bayan ɗaya tun ina yarinya suna tare a gefe guda, saiwa a sama, ganyen bai ma gama bushewa ba, 'ya'yan sun fara yin rawaya. Na tsaya. Na yi ta maimaita innalillahi, amma zuciyata ta ƙi yarda da abin da idona ke gani. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ganin samarinmu, 'ya'yan matan da ke tsinko ta, su ne aka ɗauka aikin jan rassan suna tarawa. A bayan tarin kuma na hango wata tsohuwa a duƙe tana tsinke 'ya'yan da sauri tana zubawa a bakin zanenta, tana waige-waige kamar ɓarauniya. Uwata ce, Anna.

Kun san matanmu ba su da tsoron magana. Anna in ta buɗe baki, Abba kansa fita yake ya ba ta wuri. Na ce mata ta yaya ta zauna aka tambaye ta ta yi shiru.

"In ce mi? In ce mijina ƙarya shikai, gaban dangin mijinki? Da na hwaɗi hakanan gara tudun duka shi ƙone."

"To, baɗi mi za ku ci?"

"Allah na nan."

Na ce mata Allah yana nan, kuma shi ne ya tsirar da anzar. Ta harare ni ta ci gaba da tsinka.

Da la'asar na sami Abba shi kaɗai yana dafa shayi. Ya yi murna da ganina, ya karɓi jikarsa ya ɗora a cinya, ya sauke amawali ya kurɓi shayinsa, har na ga wushiryar nan da na gada a wurinsa. Na bi ta duk hanyar da na sani. Na ce ba sai ya ce muna ci ba, ya ce magani ce, ya ce ganyenta muke sa wa a rumbu saboda ƙwari, wanda kuma gaskiya ne. Ya ce an tambaye shi wannan ma, ya riga ya ce babu. Na ce to ya bar wani dattijo ya faɗa. Ya ce wane ne zai tashi ya ƙaryata babbansa. Na yi kuka, na yi fushi, na ambaci sunayen jikokinsa ɗaya ɗaya. Ya saurare ni har na gaji.

"Fadimata, so kike in lashe amaina gaban surukaina? Magana ta hita. Abin da yah hita bakin namiji ba shi komawa."

Na karɓi 'yata na fita. Amma na gane a zaman nan cewa in dai za a jira wani ya faɗa, to har katafila ta gama ba mai faɗa. Su duka ashak ya ɗaure su, kuma kowa yana tsare da na ɗan'uwansa. Ni kaɗai ce ƙafata ɗaya a ciki ɗaya a waje. Na san abin da zai biyo baya, kada wani ya gaya muku wai cikin zafin rai na yi. Da hankalina na yi, na kuma kwana biyu ina juya shi.

Ranar taron motoci suka zo, babanku na tuƙa ta gaba. Abba ya sa aka yanka bunsuru daga cikin 'yan awakin da suka rage, aka nemo shinkafa daga Barmou, aka shimfiɗa tabarmi a inuwar aduwa. Baƙi suka ci suna yaba karamcin Buzaye. Shi yana zaune gefe da baƙin rawaninsa, bai taɓa komai ba, kamar yadda aka saba. Da aka kwashe kwanuka Mushe Salifu ya miƙe ya yi bayani, sannan ya tambaya ko akwai mai magana kafin a shiga sauran tudun. Ya tambaya da Hausa, tafinta ya maimaita da Tamashek. Ya dubi wajen mata ya sake tambaya. Ba a jin komai sai kukan 'yan awaki. Sai na tashi na shiga bukkar Anna, na jawo akushin Abba daga ƙarƙashin gado da sauran abin da ya karya kumallo da shi. Na ratsa tsakiyar maza da goyo a bayana, na dire shi a gaban Mushe da Baba Mamman, na buɗe.

"Wagga anza ta. Ita ubana yac ci yau da sahe, ita yac ci jiya. Babu gida guda cikin zangon ga da ba a jiƙa ta ba yanzu haka. In kunka tuge sauran, ku haƙa muna kushewa cikin ramun naku."

Wata mata a bayana ta saki salati. Tafinta ya buɗe baki ya kasa juya wa Turawan maganar. Babanku ya sunkuyar da kai a jikin mota. Sai Baba Mamman, Allah ya jiƙansa, ya yi abin da ya ƙara gigita ni. Ya nannaɗe hannun riga, ya yi bismilla, ya ɗebi anzar ya kai baki, ya tauna a hankali.

"Ta jiƙu da kyau. Ta gidana ba ta kai wagga ba, kullum da sauran ɗaci."

Ashe su ma suna ci. Shekara da shekaru matansu suna hawa tudun ta gefen yamma, namu ta gefen gabas, kowa yana ɓoye wa surukinsa. Baba Mamman ya yi haka ne don ya rufa wa Abba asiri, ya nuna masa duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Daga nan bakin mata ya buɗe, na garinsu da na zangonmu, har ana katse juna. Mushe Salifu ya tsayar da aikin a take, aka bar rabin tudun, kuma daga baya ya sa aka kewaye shi don kada a sare. Amma ni ba su nake kallo ba. Abba nake kallo. Ya sa yatsu biyu ya ja amawalinsa sama har ya kusa rufe idanu, ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya bi ta bayan taron ya tafi. Bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba. Da na je sallama zan koma Tawa ya amsa mini da ladabi, irin amsar da ake yi wa baƙuwa.

Daminar da ta biyo baya ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka ta cinye ɗan abin da ya tsira. Wannan yunwar kun ji labarinta, wasunku ma suna iya tunawa da layin karɓar taimakon hatsi da ake yi a Tawa. Kafin bazara ta kai tsakiya babu rumbun da ke da ƙwaya daga Barmou har Takanamat. Rabin tudun nan shi ya riƙe zangonmu da garin su babanku, mata suna hawa da rana tsaka, ƙwarya a buɗe, ba mai rufewa da kirare. Itatuwan ƙaron da aka shuka sun kama, ban hana su nasu ba, yau har ana samun abin sayarwa a jikinsu. Amma a shekarar ko gwiwata ba su kai ba. Ina Tawa ina jin labari, ina ce wa kaina ko ba komai na yi abin da ya kamata. Sai Anna ta aiko a gaya mini in zo, ubana ba ya cin abinci.

Na ɗauka ciwo ne. Da na isa ta ja ni bayan bukka ta gaya mini tun ranar taron bai ƙara sa anza a bakinsa ba. Da akwai gero ba a lura sosai ba. Yanzu da babu, shayi kawai yake sha da ɗan nonon akuya, awakin kuma sun ƙafe. Geron da muke ƙoƙari muna aikowa daga Tawa, ashe in an dama masa sai ya kira yaran zangon ya miƙa musu, ya ce babba ba ya shan fura yara na cin ɗaci. Anna ta gwada niƙa anzar ta ɓoye a cikin kunu, ya shinshina ya ture. Na tsaya ina kallonta. Duk lissafin da na yi kafin in ɗauko akushin nan, na sa fushinsa a ciki, na sa gabar da zai yi da ni, na sa har tsinuwa. Wannan ko a mafarki bai zo mini ba.

Na same shi kwance a kan tabarma, dogon mutumin nan ya koma kamar kara, rawaninsa a naɗe tsaf har hanci. Na durƙusa da kwano a hannuna.

"Abba, kowa ya sani yanzu. Surukanka na ci, liman na ci, ba sauran abin ɓoyo. Don Allah, don Annabi, ko loma guda."

Ya daɗe yana kallona. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai, sai da na matsa kusa.

"Kin hwaɗi gaskiya, ɗiyata. Ba don ke ba da mun bizne yaran ga. Ban riƙe ki da komi ba."

"To ka ci."

"Na ce gaban mutane gidana ba a cin anza. Gidan ya hi ƙarhina, ban iya hana shi. Bakina ɗai yar rage da nika iko da shi. Bar ni in gaskata ko da wannan."

Na yi masa magiya har muryata ta dushe. Na kira liman ya gaya masa Allah bai ɗora wa rai abin da ba ta iyawa ba, ya ce ya ji, ya gode. Ya rasu gero yana fitar da kai, saura kaɗan a fara tumu.

Masu gaisuwa suka cika zangon, daga garuruwan Hausawa da zangunan Buzaye, wasu tafiyar yini a kan jaki, don mutum ne da ake ji da shi. Dole a ba baƙo abinci, kuma babu abin da za a ba su sai abu ɗaya. Anna tana takaba, ba ta fita. Ni ce babbar 'ya, ni na dafa, ni na bi su tabarma tabarma ina ajiye musu anza a ƙofar gidansa, suna ci suna yi masa addu'a.